Amsa ga 'yar'uwar da maganin huhu ya sauya wa mahaifinta hali

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce tunda aka ɗora shi kan magani numfashinsa ya saki, amma ya zama mai saurin fushi, ba ya barci, hannunsa na rawa, ko a dakatar? Don Allah kar ku dakatar da kanku.

Na yi jinyar Hajiyarmu da ciwon COPD, wato ciwon huhu mai daɗewa da ke toshe hanyoyin iska, wanda hayaƙin itace na shekara da shekaru a bakin murhu ya jawo mata. Ki fara duba ledar maganinsa ko akwai prednisolone. Yana sauke kumburin hanyoyin iska sosai, amma yana taɓa hali. Hajiya mace ce mai sanyin magana, sai ga ta tana daka wa jikoki tsawa a kan kofin ruwa. Dare ya raba tana zaune tana ninke kayan da aka riga aka ninke, da asuba kuma kuka ba gaira ba dalili. Da likita ya ce a riƙa ba ta da safe bayan karin kumallo, barcin ya dawo. Idan ciwon ya tashi, galibi na kwana 5 ake rubutawa, sai dai mutane kan ci gaba da saya a kemis don sun ji sauƙi. Wanda ya haura mako 3 yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, likita ke ragewa a hankali. Maganin yana kuma ɗaga suga.

Rawar hannu da bugun ƙirji kuwa galibi aikin salbutamol ne, wato Ventolin, maganin buɗe hanyoyin iska, kuma na ƙwaya ya fi na shaƙa jawo su. Aminophylline, wani maganin buɗe numfashin, shi ma na hana barci.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wani ya tausaya masa ya ba shi diazepam ko maganin tari mai kodin don ya runtsa. Suna danne numfashi, ga huhun da ma da kyar yake aiki.

Ba komai ne daga magani ba fa. Dattijon da ya saba zuwa masallaci da ƙafarsa, yau ko alwala sai ya huta, dole ransa ya sosu, tsoron sarƙewa kuma na ƙara sarƙe shi. Ku kwashi magungunan duka ku kai asibiti, ki faɗa wa likita batun fushin da barcin, don Baba ba zai faɗa da bakinsa ba. Idan kuwa ya fara ruɗewa, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, ko yana cewa ya gaji da rayuwa, ku tafi a ranar.