Yaya ake gano inda wayar intanet ta lalace a ƙarƙashin teku?

Tambaya: Ina sana'ar POS a kasuwar Wuse, Abuja. Ranar da intanet ta ɗauke a Maris na 2024 haka na wuni ba ciniki, aka ce wayoyi ne suka tsinke a teku. Ta yaya ake sanin wurin da ta lalace alhali tana ƙasan ruwa?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ranar 14 ga Maris ce wayoyi huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a tekun Kwaddebuwa.

Ba wanda ke nutsewa yana lalube. Daga tudu ake aunawa, a tashar da wayar ta fito, irin waɗanda ke Legas.

A tsakiyar wayar akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, shi ke kai saƙo da haske. Tagulla ta kewaye shi, tana ɗauke da wutar da kan kai volt 10,000 a dogayen wayoyi, don ciyar da na'urorin ƙara wa haske ƙarfi da aka jera duk bayan kilomita 60 zuwa 100. Roba ce ta raba tagullar da ruwa. Idan ankar jirgi ko komar masunta ta yage robar nan, ruwan gishiri ya taɓa tagulla, sai wuta ta zurare cikin teku. Injiniya ya san abin da kowace kilomita ke ci na ƙarfin wuta, saboda haka da ya ga yadda awo ya sauka a tasha sai ya lissafa nisan raunin. Abin da ke burge ni shi ne, da yake daga ƙarshe biyu ake tura wutar, sau da yawa kowace tasha takan ciyar da nata ɓangaren har zuwa wurin yagewar, intanet ta ci gaba da aiki ku ba ku ma sani ba. Amma raunin da aka bari, ranar da na biyu ya zo, tsakaninsu duka ya mutu.

In zaren gilashin ne ya tsinke, ana harba haske da na'urar OTDR a auna lokacin dawowarsa, kamar mai kira a cikin rijiya yana sauraron amsa-kuwwa.

Lissafi yakan kuskure da 'yan kilomitoci, don haka idan jirgin gyara ya iso, tasha kan sa wa tagullar wata siginar lantarki da jirgin zai bi. A janyo wayar da ƙugiya, a yanke ɓataccen wurin, a haɗa, a sake gwada wuta da haske kafin a mayar da ita ruwa. Jiragen kaɗan ne, shi ya sa gyaran 2024 ya ɗauki makonni.