Tambaya da Amsa: An yi mini shafin intanet, amma ciniki shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar turaren wuta da humra a unguwar Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Watanni takwas da suka wuce na biya wani matashi ya yi mini shafin intanet, kuma ranar da ya nuna mini shi a kwamfutarsa na yaba ƙwarai, domin hotuna suna ta juyawa, ga bidiyo a sama. Sai dai har yau ban ga mutum ɗaya da ya ce ta shafin ya same ni ba, cinikina duka ta WhatsApp yake zuwa kamar da. Shin kuɗina na zubar, ko akwai gyara? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kuɗinki bai zube ba, amma akwai aiki a gaba. Na buɗe adireshin da kika aiko a wayata, da datar da nake saye kamar kowa, kuma na daɗe ina kallon farin allo kafin hoton farko ya bayyana. A nan matsalar ta fara. An nuna miki shafin a kwamfuta mai faɗin fuska, wataƙila a wurin da intanet ke gudu sosai, alhali matar da za ta sayi humrarki tana riƙe da ƙaramar waya ne a Batagarawa ko Dutsin-Ma, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, tana kuma lissafin ragowar datarta. Shi kansa Google, shekaru ke nan da ya koma duba yadda shafi yake a waya kafin ya yanke matsayin da zai ba shi a sakamakon bincike, saboda haka shafin da ya yi kyau a kwamfuta kaɗai ya yi asara ta fuska biyu.

Abin da ya fi nauyaya shafinki hotuna ne. Hoton da aka ɗauka da wayar zamani yakan kai megabayit 3 zuwa 5, kuma an ɗora naki yadda suke, ba a rage ko ɗaya ba. Idan shafin farko yana da hotuna goma masu megabayit 4, mai ziyara za ta ƙona megabayit 40 kafin ta san ko kina da abin da take nema, kuma ba kowa ke da wannan haƙurin ba. Gyaran ba ya cin ko kwabo. Akwai manhajoji na kyauta irin su Squoosh da TinyPNG da ke matse hoto ya dawo ƙasa da kilobayit 200 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba, musamman idan aka mayar da shi WebP, wato wani tsarin ajiye hoto marar nauyi. Bidiyon da ke kunna kansa a cire shi, hotunan da ke juyawa su ma a tsayar da su a bar guda ɗaya mai kyau. Bayan an gama, ki sa a shigar da adireshin a PageSpeed Insights, ma'aunin kyauta na Google, wanda a wurinsa shafi mai lafiya shi ne wanda babban abin da ke samansa ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne ki ari wayar da ta fi kowace tsufa a gidanku, ki kashe wayfay, ki buɗe shafin da kanki.

Da shafin ya buɗe kuma, abin da na fara cin karo da shi shi ne "Barka da zuwa", sai dogon bayani da Turanci a kan manufar kamfani da burinsa na zama zakara a Afirka. Sai da na gangara sau huɗu kafin na ga kwalbar turare. Ki tuna yadda mai shago a Babbar Kasuwar Katsina yake yi: kayan da ya fi so a gani su yake fitarwa bakin ƙofa, ba ya tare mai wucewa da tarihin kakanninsa. Fuskar farko ta shafi, wato abin da ido zai gani kafin yatsa ya motsa, ya kamata ta faɗi abin da kike sayarwa, garin da kike, da yadda za a yi oda. Tarihin sana'ar yana da wurinsa a can ƙasa, ga mai sha'awa.

Sai maganar farashi, wadda na san 'yan kasuwarmu da yawa ba za su so jinta ba. A ƙarƙashin kowace kwalba an rubuta cewa a tuntuɓe ki don jin kuɗi. Na fahimci dalilin, domin mun saba da taya da ragi, kuma farashin kaya yana canzawa har mutum ya ji tsoron rubuta lamba. Sai dai a kasuwa mai saye yana tsaye gabanki, kina iya riƙe shi da baki, a intanet kuwa ba ya ko sallama idan zai tafi. Mata da yawa kunya ma takan hana su tambaya, don kada a faɗi kuɗin da ya fi ƙarfinsu. Ki sa farashi a fili, ki rubuta ranar da aka sabunta shi, ki kuma sa wanda ya yi shafin ya koya miki yadda za ki canza lambar daga wayarki ba sai kin neme shi ba. Idan kina sayar da sari, ki ce farashin sari daban ne, a nan ne tuntuɓa take da ma'ana.

Tun da kin ce cinikinki ta WhatsApp yake zuwa, kada ki yi faɗa da hakan, ki sa shafin ya riƙa kai mutane can. A yanzu lambarki tana cikin wani hoto ne a ƙarshen shafi, ba a iya taɓa ta a kira, sai an nemi biro an kwafa. A sa maɓalli babba wanda babban yatsa zai iya dannawa, a haɗa shi da adireshin wa.me, a biyo da 234 sannan lambarki ba tare da sifirin farko ba, ta yadda dannawa ɗaya za ta buɗe hira da ke. Rubuta lamba da 234 yana da wani amfanin a wurinmu, domin masu saye daga Maraɗi da ke shigowa ta Jibiya ba za su same ki da lambar da ta fara da sifiri ba. Fam ɗin nan mai gurabe tara da aka ce a cike kafin a yi oda a soke shi. Suna, lambar waya da gari sun wadatar, kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa duk mai karɓar bayanan mutane nauyin kiyaye su, don haka abin da ba ki da buƙatarsa kada ki karɓa.

Akwai kuma batun amana, domin wanda aka taɓa damfara a intanet ba ya sake tura kuɗi da sauƙi. Biyu daga hotunan shafinki na tabbata ba naki ba ne, an ɗauko su ne daga shagunan ƙasashen Larabawa. Hoton kwalbarki a kan farin ƙyalle, a hasken safiya, ya fi su amfani, ko da bai kai su ƙyalli ba. Ki rubuta kwatancen shagonki yadda ɗan Katsina zai gane, ki yi rajistar wurin a Google Business Profile, wanda kyauta ne, don ya fito a taswira. Idan kin yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, ki sa lambar, kuma sunan asusun bankin da za a tura kuɗi ya dace da sunan da ke kan shafin. Ki bayyana yadda ake aika kaya Kano, Funtuwa ko Abuja, da wanda zai biya kuɗin mota.

Game da harshe, ban ga dalilin da zai sa mai sayar da humra ga matan Hausawa ta yi musu magana da Turanci kaɗai ba. A rubuta da Hausa, a ƙara Turanci idan ana so. Abin lura ɗaya shi ne wasu salon haruffa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka ga akwati ko alamar tambaya a tsakiyar kalma. Noto Sans yana da su duka, kuma kyauta ne.

Tambaya: Ina da shagon kayan gini a Daura. Shafina ya yi shekara guda yana aiki, sai kwatsam ya daina buɗewa. Yaron da ya yi mini shi ya bar gari, kuma ba ya ɗaukar waya. Me ya faru, kuma yaya zan dawo da shi? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a dace. Tun da abin ya zo daidai da cikar shekara, kusan tabbas kuɗin haya ne ya ƙare. Mutane da yawa suna ɗauka shafi kamar fili ne, an saya an gama, alhali abubuwa biyu ake haya: adireshin shafin, da kuma masaukinsa, wato kwamfutar da ke ajiye shi dare da rana. Yawanci duka biyun shekara-shekara ake sabunta su. Adiresoshin da suka ƙare da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA ne, kuma ana sayensu ta hannun kamfanonin da ta amince da su.

Ka hanzarta, domin adireshin da wa'adinsa ya ƙare ana ɗan jinkirta wa mai shi na wasu makonni, daga nan kuɗin fansa ya ƙaru, daga bisani a sake shi ga duk wanda ya riga biya. Ka sa wani masani ya duba adireshin a ma'ajiyar WHOIS don a san kamfanin da aka yi rajista a wurinsa, sannan ka tuntuɓe su da takardun kasuwancinka da shaidar biyan da ka yi. Sai dai in gaya maka gaskiya, idan yaron da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar, a idon kamfanin shi ne mai adireshin, tamkar ka biya kuɗin rumfa amma takardar ta fito da sunan magini. A irin wannan hali, neman sa ta hannun iyayensa ko malaminsa ya fi saurin biyan buƙata.

Ko an dawo da wannan ko sabo za a yi, a wannan karon a yi rajista da sunanka da imel ɗin da kai kake buɗewa, kalmomin sirri na adireshi da masauki da na shiga shafin su kasance a hannunka a rubuce, kuma ku yi yarjejeniya a takarda a kan wanda zai riƙa kula da shi da abin da za a biya shi. Idan da manhajar gina shafi ta WordPress aka gina shi, kamar yadda aka gina kaso mai yawa na shafukan duniya, yana buƙatar sabuntawa a kai a kai, in ba haka ba ɓarayin intanet su samu ƙofa. Ka nemi a riƙa ajiye maka kwafin shafin a wani wuri daban. Ka kuma tabbatar adireshin ya fara da https, domin tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome take yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro. Takardar tsaron da ke ba shafi https kyauta ake samunta daga Let's Encrypt, kuma masauki nagari yana sabunta ta da kansa, saboda haka kada a caje ka kuɗi mai yawa a kanta.

Tambaya: Ni tela ne a Ƙofar Marusa, ina da mabiya a Facebook da Instagram. Dole ne sai na yi shafi? Daga wani matashi a Katsina.

Amsa: Ba dole ba ne, Malam, kuma idan kuɗin zai taɓa jarinka, ka fara da Google Business Profile da kundin kaya na WhatsApp Business, waɗanda ba a biyan komai. Abin da shafi yake ƙara maka shi ne wurin da ba ya hannun kamfanonin sada zumunta, domin nasu yana iya ɗaukewa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, kuma masu talla a Twitter a Najeriya sun ga yadda aka dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Idan ka tashi yi, shafi mai fuska ɗaya ya ishe ka: hotunan ɗinkinka guda goma sha biyu da aka matse, kuɗin ɗinkin kaftani da babbar riga, kwanakin da aiki yake ɗauka, ranar da kake rufe karɓar ɗinkin Sallah, kwatancen shago, da maɓallin WhatsApp.