Tambayi Likita: "Sai na sha giya nake iya barci"

Tambaya: Salam dokta, ni saurayi ne ɗan shekara 27 a nan garin Bauchi, tun ina sakandare na gane maza nake sha'awa, ba wanda ya sani, kullum gabana faɗuwa yake, ko wayata wani ya ɗauka sai in ji zufa ta karyo min. Shekara biyu kenan sai na sha giya nake iya barci, yanzu da safe hannuna rawa yake. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanina. Bari mu fara da rawar hannun nan don ita ta fi tayar min da hankali, alama ce jikinka ya riga ya saba da giyar. To kar ka kuskura ka daina ta farat ɗaya a ɗaki kai kaɗai, mai irin wannan alamar in ya yanke lokaci guda zai iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wani kuma a kwana na biyu ko na uku ya rikice ya dinga ganin abin da babu, kuma ana mutuwa a haka. A asibiti ake sauke mutum a hankali da magani da bitamin B1. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), ka je ka ce giya da rashin barci suka kawo ka, sauran zancen kuwa ba dole ka faɗa ba sai ka yarda da likitan.

Tsoron naka kuma ba zan ce maka banza ba ne, dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya tana nan, ga shari'a a jihar, ga bakin mutanen unguwa da ya fi komai kaifi. Mutumin da ke gadin sirri dare da rana jikinsa ba ya hutawa, zuciya na bugu, barci ya gudu, sai giya ta zo kamar mai taimako. Tana sa barcin farko, amma tsakar dare ka farka da fargabar da ta fi ta jiya, sai ka ƙara kwalba. In tunanin kashe kai ya taɓa zuwa maka, wannan kam kar ka kwana da shi, a ranar ka nemi likita.

Tambaya: Likita ni uwa ce daga Azare. An ga saƙonni a wayar ɗana, babansa ya kore shi daga gida, dangi sun ce a yi masa aure zai gyaru, yanzu naji yana haɗa giya da tramol. Akwai allurar da za ta canza shi?

Amsa: Hajiya, babu. Ba allura ba ƙwaya, kuma tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka, duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan maganin asibiti cutar ku ya yi. Ni ba malami ba ne ba kuma alƙali ba, ɓangaren jiki na sani, abin da zai iya kashe ɗanki a daren nan shi ne haɗin giya da tramol, suna danne numfashi, tramol ɗin kuma yana jawo jijjiga. Auren gaggawa kuwa 'yar mutane kawai za a jefa cikin wahala. Ki neme shi, ki san inda yake kwana, ki aika masa abinci, ki raka shi asibiti a kan shaye-shayen. Yaron da ya san uwarsa za ta ɗaga wayarsa ya fi sauƙin jin magani nesa ba kusa ba.

Tambaya: Dokta ina da mata amma ina hulɗa da maza, yawanci in na bugu ne, ba kwaroron roba.

Amsa: Malam, gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in B a makon nan, ka sake na HIV bayan wata uku, kafin nan ka yi amfani da kwaroron roba har da uwargida don ita ba ta san hawa ba ta san sauka ba. In hanta ta nuna akwai cutar, giya ko kurɓi ɗaya ka bar ta, in babu kuma akwai rigakafi allura uku.