Tambaya da Amsa: Kiɗan da Aka Kora Tare da Masu Shi

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare da ke Unguwar Rimi, a nan Kaduna. A wani daren Lahadi ina sauraron wata tashar rediyo ta ƙasar waje, sai na ji ana watsa wani taron kiɗa, inda mai gabatarwa ya ce duk abin da za a kaɗa a daren aikin Yahudawa ne masu tsara kiɗa waɗanda gwamnatin Hitila ta tilasta wa gudun hijira, kuma akwai wanda rabon da a kaɗa shi tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin ya ɗaure mini kai, domin a zatona wanda ya tsira da ransa ya tsira da sana'arsa. Su wane ne waɗannan mutane, me ya sa kiɗansu ya ɓace alhali sun rayu, kuma ta yaya ake gano shi yanzu? Da na kawo zancen a ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ce ina ruwanmu, mu da muke da namu mawaƙan da aka manta, ga kuma abin da ake yi wa Falasɗinawa. Ina son in ji ta bakinka.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Zaton da ka yi zato ne na wanda ya tashi cikin kiɗan Hausa, kuma a wurinmu daidai ne. Makaɗin kalangu ko na kotso yana ɗauke da waƙarsa a kansa, idan sarkin wani gari ya kore shi sai ya tattara 'yan amshinsa ya nufi wata fada, ya ɗora daga inda ya tsaya. Mai tsara kiɗa a Turai ba haka yake ba. Shi aikinsa a takarda yake, da wasu alamomi da makaɗa ke karantawa, kuma kafin kunne ya ji abin da ya rubuta sai an sami kamfanin da zai buga takardun, da ƙungiyar makaɗa wadda wani lokaci takan kai mutum tamanin ko fiye, da zauren da za a taru, da gidan rediyon da zai watsa, da jama'ar da suka san sunansa har za su sayi tikiti. Idan aka raba shi da waɗannan, ya zama kamar manomin da aka bar masa iri a hannu aka ƙwace gonar.

Abin da 'yan Nazi suka yi ke nan, kuma ba su ɓata lokaci ba. Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, a Afrilun shekarar aka kafa dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, ga shi kuwa yawancin makarantun kiɗa da manyan zaurukan wasa na Jamus a hannun hukuma suke. Kafin shekarar ta ƙare an kafa wata hukumar kiɗa a ƙarƙashin ma'aikatar farfaganda ta Goebbels, wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da damar cin abinci da kiɗa, sannan aka bi aka zare Yahudawa daga rajistar. Ko matattu ba su tsira ba. A 1936 aka tumɓuke mutum-mutumin Felix Mendelssohn, mai tsara kiɗa ɗan asalin Yahudawa, a birnin Leipzig, mutumin da ya rasu tun 1847 wanda kuma aka yi wa baftisma tun yana yaro, abin da ke nuna cewa asalin jini suke bi, addinin da mutum yake yi bai dame su ba. A 1938 suka shirya wani baje koli a Düsseldorf mai suna Entartete Musik, wato gurɓataccen kiɗa, domin su tozarta waɗannan mutane a bainar jama'a. A watan Maris na wannan shekara Jamus ta haɗiye Ostiriya, sai waɗanda suka fake a Viyana suka sake ɗaure kayansu.

Kaɗan daga cikinsu sunansu ya bi su. Arnold Schoenberg ya bar Barlin a 1933 ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Los Angeles, inda ya rasu a 1951. Kurt Weill, ɗan mai jan waƙoƙin ibada a majami'ar Yahudawa ta Dessau, ya bi ta Faransa ya isa New York a 1935 ya koma rubuta wa gidajen wasan Amurka. Erich Korngold, wanda tun yana yaro ake kiransa abin al'ajabi a Viyana, ya zama mai tsara kiɗan finafinai a Hollywood har ya ci kyautar Oscar, amma da ya koma gida bayan yaƙi sai masu sharhi suka riƙa yi masa kallon mai kiɗan silima wanda zamani ya wuce. Waɗannan su ne masu sa'a.

Labarin da ya fi amsa tambayarka shi ne na Berthold Goldschmidt. An haife shi a Hamburg a 1903, kuma yana ɗan shekara 29 aka nuna wasan operarsa na farko a Mannheim, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa, har aka shirya kai shi Barlin a shekara mai zuwa. Zuwan 'yan Nazi ya soke wannan shiri. A 1935 ya gudu Landan, ya ci gaba da rubutu, har wani sabon operarsa mai suna Beatrice Cenci ya shiga cikin waɗanda suka ci wata gasa ta ƙasa a 1951, amma duk da haka babu gidan wasan da ya ɗora shi a dandali. Daga 1958 sai ya ajiye alƙalami, ya yi kusan shekara 25 bai rubuta wani abin kirki ba, domin mutum yakan gaji da magana a ɗakin da babu mai amsawa. Sai a tsufansa wasu matasan makaɗa suka nemo shi, aka fara buga ayyukansa a faifai, kuma a 1994, yana da shekara 91, ya ga an nuna operorinsa guda biyu a Jamus. Ya rasu a 1996. Ka ga mutum ya tsira da ransa, amma shekara sittin na aikinsa sun tafi cikin shiru.

Hans Gál kuwa shugaban makarantar kiɗa ta Mainz ne lokacin da aka sallame shi a 1933. Ya koma Viyana, ya sake gudu zuwa Birtaniya a 1938, sai ga shi a 1940 gwamnatin Birtaniya ta tsare shi tare da dubban 'yan gudun hijira, bisa hujjar cewa su 'yan ƙasar abokan gaba ne, alhali daga hannun waɗannan abokan gaba suka gudo. A sansanin Huyton, kusa da Liverpool, ya rubuta wani kiɗa na sarewa ɗaya da gogen Turawa biyu, domin kayan kiɗan da ke sansanin ke nan. Daga baya ya zauna a Edinburgh yana koyarwa a jami'a har ya rasu a 1987, ana girmama shi a matsayin malami, amma ƙalilan ne suka san cewa a shekarun 1920 gidajen opera da dama a Jamus sun nuna aikinsa.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Mieczysław Weinberg, domin shi gabas ya nufa. Yana ɗan shekara 19 ya bar Warsaw da ƙafa a 1939, lokacin da sojojin Jamus suka shiga Polan. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ƙanwarsa ta taso tare da shi amma ta juya gida saboda takalminta ya ji mata ciwo, kuma bai sake ganin ta ko iyayensa ba, duk an hallaka su. Ya isa Minsk, yaƙi ya sake koro shi zuwa Tashkent a 1941, sannan Shostakovich, shahararren mai tsara kiɗa na Rasha, ya taimaka masa ya koma Mosko a 1943. Can ma bai huta ba: an kashe surukinsa bisa umarnin Stalin a 1948, shi kuma aka kama shi a Fabrairun 1953, mutuwar Stalin ce ta buɗe masa ƙofar kurkuku. Ya bar manyan ayyukan ƙungiyar makaɗa masu lamba har 22, da na goge huɗu guda 17. Operarsa da ke ba da labarin Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan gilla a cikinsa, ya kammala ta a 1968, amma ba a nuna ta cikakkiya a dandali ba sai a 2010 a Bregenz ta Ostiriya, shekara 14 bayan rasuwarsa.

Akwai kuma waɗanda ba su sami hanyar fita ba, kuma ba a raba tunawa da su da na 'yan hijira. Viktor Ullmann da Pavel Haas da Hans Krása sun ci gaba da rubutu a Terezín, sansanin da 'yan Nazi suka tsare Yahudawa, a Oktoban 1944 aka kwashe su zuwa Auschwitz aka kashe su.

Shirun da ya biyo bayan 1945 yana da dalilai da suka taru. Takardun sun watse, wasu sun ƙone, wasu suna cikin akwatunan iyalai a nahiyoyi daban-daban. A ƙasashen da suka sauka baƙi ne, kowace ƙasa kuwa nata take fifitawa. A Jamus da Ostiriya da yawa daga waɗanda suka gaji kujerunsu sun ci gaba da zama a kai, ba su da sha'awar tono abin da zai tuna wa jama'a yadda aka yi suka samu. Sannan matasan masu tsara kiɗa na bayan yaƙi sun ƙudura yanke hulɗa da duk wani salo na da, saboda haka kiɗan irin su Gál da Korngold, mai daɗin sauti da saukin bi, ya zama tsohon yayi a idonsu. A nan ne nake ganin babban zalunci ya kammala, domin abin da 'yan Nazi suka fara da doka, halin ko-in-kula ya ƙarasa shi ba tare da doka ba.

Aikin gano kiɗan aiki ne na haƙuri. Jikoki sukan kawo akwatin takardun kakansu, masana su zauna su tantance rubutun hannu, su gyara inda tawada ta dushe, su fitar wa kowane makaɗi nasa kason, sannan a nemi ƙungiyar da za ta yarda ta koyi abin da babu wanda ya taɓa jin yadda yake. Cibiyar Exilarte da ke jami'ar kiɗa ta Viyana tana karɓar irin waɗannan takardu ta adana. A Barlin akwai ƙungiyar musica reanimata tun 1990. A shekarun 1990 kamfanin Decca ya fitar da jerin faifai a ƙarƙashin kulawar Michael Haas, ya kuma sa masa sunan nan na baje kolin 1938 da gangan, domin a mayar da zagin ya zama shaida. A Amurka jagoran makaɗa James Conlon ya daɗe yana sa waɗannan ayyuka a gidan opera na Los Angeles, a Kanada kuma ƙungiyar ARC Ensemble ta Toronto tana yin haka. Operar da Ullmann ya rubuta a Terezín ba ta ga dandali ba sai a 1975 a Amsterdam.

Ra'ayina a nan shi ne, taron tunawa irin wanda ka ji yana da kyau, amma bai wadatar ba. Idan ba a kaɗa Weinberg ko Gál sai ranar makoki, to an sake ware su ke nan a wani ɗaki na daban. Su ba tausayi suka nema ba lokacin da suke rubutu, kunne suka nema. Haƙƙinsu shi ne a sa su cikin shirye-shiryen yau da kullum tare da manyan masu tsara kiɗa irin su Beethoven da Brahms, a yaba wanda ya yi kyau, a kushe wanda bai yi ba, kamar yadda za a yi musu da ba a kore su ba.

Game da abokin aikinka, ka gaishe shi, ka ce masa ban raina maganarsa ba. Baƙin cikin abin da ke samun Falasɗinawa gaskiya ne, kuma ina tare da shi a ciki. Sai dai waɗannan mutane an kore su ne tsakanin 1933 da 1939, kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma laifinsu kawai gidan da aka haife su. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya hore mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Mu mutanen Kaduna ma ba sai an fassara mana wannan ba, domin bayan rikicin shekarar 2000 mun ga yadda iyalai suka tsallaka kogi, wasu kudu wasu arewa, suka bar gidajen da suka gina da maƙwabtan da suka shaƙu da su, ba don sun yi wa kowa komai ba.

A kan mawaƙanmu da aka manta kuwa ya yi gaskiya, har ma namu ya fi gaggawa, domin su can suna da takarda, mu kuwa sai faifai da kaset da ƙwaƙwalwar 'yan amshi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, kuma waɗannan sanannu ne, ina ga makaɗan ƙauye da rashin tsaro ya tayar daga garuruwansu a Zamfara da Birnin Gwari? Kaset yana lalacewa da zafi da laima, tsofaffin 'yan amshi suna ƙarewa. A garin da ke da Gidan Arewa da reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da gidan rediyon da ya fara aiki tun 1962, akwai inda irin aikin cibiyar nan ta Viyana zai iya zama da gindinsa, idan aka sami masu zuwa gida-gida suna tambayar iyalai abin da ke cikin adakarsu.

Idan kana son kai zancen aji, ka fara da kiɗan da Gál ya rubuta a Huyton, ana samun sa a intanet kuma ba shi da tsawo. Ka bari ɗalibai su saurara tukuna ba tare da ka gaya musu komai ba, sannan ka tambaye su kayan kiɗa nawa suka ji. Idan sun ce uku, sai ka faɗa musu dalilin da ya sa uku ne.