Kekunan Mama da Akwatunan Atamfa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Anti, mahaifiyarmu tela ce, ta rasu wata uku da suka wuce. Ta bar kekunan ɗinki, Butterfly na ƙafa guda biyu, da Juki na lantarki, da akwati uku na atamfa da leshi. Wata dillaliya ta ce za ta kwashe duka a kuɗi ɗaya. Ni kuma in na kalli kekunan sai kuka. Mu sallama mata? Daga Unguwar Rogo.

Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙuri, 'yata. Kukan ba laifi ba ne, amma kada ki yi ciniki da hawaye a ido. Kar ku sallama.

Da farko, ba duk abin da ke cikin akwatin tela ne nata ba. Akwai kayan mutane da aka kawo ɗinki, wasu har an ba da kafin alƙalami. Ku duba littafin awonta, ku sanar a unguwa, kowa ya zo ya karɓi amanarsa. Sannan a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi. Abin da ya rage na magada ne duka, ba naki ke kaɗai ba don kina babba.

Yanzu ga inda nake son ki buɗe kunne. "Kuɗi ɗaya" ɗin nan shi ne asarar. Mai kwasar jimla tana yi wa Holan farashin roba, ta ce ai ta kwana biyu, alhali tsohon zane da aka daina bugawa shi manyan mata ke nema. Ku warware kowane turmi ku auna, yadi 6 ne cikakke. Wanda aka yanka a ware shi. Holan ta gaske ciki da waje kusan ɗaya suke, kuma sunan Vlisco, kamfanin da ke yin ta, da lambar zanen suna bakin zanin. Takardar da aka manna ba hujja ba ce, masu jabu ma suna manna ta. Ku ɗaga leshi a rana ku duba lanƙwasar, nan yake fara cin kansa, ga fumfuna irin ta daminar Jos. Ku faɗa wa mai saye aibin. Ku shiga kasuwar Terminus ku tambayi farashin sabo a shago uku, ku rubuta, sannan a sayar ɗaiɗai. Bashi kuwa babu, ko ga 'yar uwa, don "zan kawo ƙarshen wata" ya raba gidaje da yawa.

Kekunan, a kira mai gyara ya goge haƙoran, ya ɗiga man keke, ya canza bel da allura. Man gyaɗa na daskarewa ya ƙame keke, kar ku kusanta. A ɗinka ƙyalle a gaban mai saye. In zare na tsallake ko yana cukurkuɗewa a ƙasa, sau da yawa saiti ne, ba dalilin karya farashi ba. Juki ɗin shi ne mai tsoka, a sayar da shi haɗe da teburi da injin lantarkin da ke juya shi. In zuciyarki na kan Butterfly ɗaya, a yi masa kuɗi a cire daga rabonki.

Tambaya: An ce tsohon keken ɗinki Singer na kakarmu akwai wani sinadari mai suna jan makuri a ciki, wai miliyoyi ne. In fasa? Daga Bukur.

Haba malam! Wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya a 2009, ba wanda ya samu komai sai 'yan damfara. In ka fasa, mai gwangwan ne zai auna maka a kilo.

Tambaya: Mijina tela ne, ina takaba. Zan iya ba almajirinsa keken kyauta? Daga Rikkos.

Allah ya ƙara haƙuri, 'yar uwa. Niyyar ta yi kyau, amma in da marayu a cikin magada, ba a kyauta da rabonsu. Ki jira a raba. In ya faɗo hannunki, ki ba shi.