Tambaya da Amsa: Ina Kuɗin Gyaran Esi Ke Tafiya?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowar mafi yawansu kan na'urar sanyaya ɗaki ne, wato esi. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Esina mai doki ɗaya da rabi ce, shekararta uku. Sau uku ke nan a bana ana zuba mata gas, kowane zubi sai ta yi wata biyu ta daina sanyi. Mai gyara ya ce haka gas yake, ƙarewa yake yi. Gaskiya ne? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba gaskiya ba ne. Gas ɗin esi ba fetur ba ne da ake ƙonawa. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, daga kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin, zuwa ɓangaren waje, ya shiga ɓangaren ɗaki, ya sake komawa. Esi lafiyayya kan yi shekara goma ba a ƙara mata ko giram ɗaya ba. In gas ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma zuba sabo ba tare da an toshe wurin ba zuba ruwa ne a rariya.

Galibin yoyon yana wurin mahaɗar bututun tagulla, inda aka buɗa bakin bututu aka ɗaure da noti, biyu a waje biyu a ciki. Ko ba a buɗa bakin daidai ba tun ranar kafawa, ko an ɗaure har ya tsage. Duba wurin da kanka: in ka ga maiƙo ya kama ƙura, nan ne, domin man kwamfireso tare da gas yake fita. Mai gyaran da ya san aikinsa zai shafa kumfar sabulu a mahaɗar. In bai gani ba, ya kwashe ragowar gas ɗin, ya cika bututun da naitirojin ya bar agogon awo a jiki, ya ga ko allura za ta sauka. Bayan an yanke bakin an sake buɗawa, ko an yi walda, sai a jona famfon zuƙe iska na aƙalla minti 20 zuwa 30. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ke kashe kwamfireso a hankali, saboda danshin da ya rage a ciki yana haɗuwa da man ya zama asid, ya cinye rufin wayoyin.

Daga nan sai a zuba gas a kan sikeli. Nauyin da esinka ke ɗauka yana rubuce a jikin ɓangaren waje, da sunan gas ɗin. In bututun ya wuce tsawon da kamfani ya ƙayyade, wanda sau da yawa mita 5 ne, ana ƙara 'yan giram kan kowace mita bisa littafin na'urar. Mai zuba gas yana taɓa bututu da hannu ya ce "ya isa", kirdado yake yi da kuɗinka. Aikin gano yoyo ya fi zubi ɗaya tsada, amma bai kai zubi uku ba.

Tambaya: Ɓangaren ɗaki yana hura iska, amma na waje sai ya yi gurnani na ɗan lokaci ya yi shiru. An ce mini kwamfireso ya mutu, in kawo kuɗin sabo. Ya zan tabbatar? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Malama, kada ki yi gaggawar biya. Alamar da kika faɗa ta fi kama da mutuwar kafasita, wani ɗan gwangwani mai kamar batir da ke ba kwamfireso ƙarfin tashi. Yana cikin kaya mafi araha a jikin esi, kwamfireso kuwa shi ne mafi tsada, har kuɗinsa da na aiki kan doshi rabin farashin sabuwar na'ura. Kafasitan da ya lalace sau da yawa kansa yana kumbura. In bai kumbura ba, a auna shi da mita. A jikinsa za ki ga lamba kamar 35 ko 45 maikirofarad, kuma in awon ya sauka fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a canza shi da mai lamba iri ɗaya. Kada ki buɗe da kanki, yana riƙe wuta ko bayan an kashe layi.

Kafin a yanke wa kwamfireso hukunci, ki ce a auna ƙafafunsa uku, wato inda wayoyi ke haɗuwa da shi, a gabanki, a kuma gwada ko wuta na zuba a jikin ƙarfensa. Kwamfireson da ya ɗau zafi yana da makarin da ke yanke shi, don haka a bar shi ya huce sosai kafin awo, in ba haka ba za a binne mai rai. Idan an tabbatar ya ƙone, lissafin ya canza. Ga na'urar da ta haura shekara goma, musamman mai gas ɗin R22, a ganinmu sayen sabuwa ya fi. R22 na cikin sinadaran da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ake janyewa a duniya, Amurka ta daina yin sa da shigo da shi tun 2020, ƙasashe masu tasowa kuma wa'adinsu 2030 ne, sai ɗan abin da za a bari don gyara. Kullum ƙaranci yake yi. Kuma ba a zuba R410A ko R32 a na'urar R22, matsinsu ya fi nasa da kusan rabi, man da suke aiki da shi ma daban ne.

Tambaya: Me ya sa wani a garin da ke maƙwabtaka da mu yake gyara sau ɗaya a shekara, mu kuwa kullum muna hannun masu gyara, alhali esin iri ɗaya ce?

Amsa: Inda esi take zaune shi ke yanke mata kuɗin gyara. Na farko wutar lantarki. Na'urar da aka yi wa bolt 220 zuwa 240, in wuta ta yi rauni, kwamfireso yana jan wuta fiye da kima don ya juya, wayoyinsa su yi zafi. Ɗaukewa da dawowar wuta nan take ma haɗari ne, domin matsin gas bai daidaita ba, shi ya sa ake son jinkirin minti 3 kafin ta sake tashi. Sitabilaiza mai wannan jinkirin ya fi canza kwamfireso sauƙi. Mai janareta ya sani cewa esin da ba inbata ba tana jan ninki uku zuwa biyar na wutarta a daƙiƙar tashi, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Ita inbata, wato esin da kwamfiresonta ke ƙara gudu ko ragewa gwargwadon buƙata, tana tashi a hankali kuma tana rage kuɗin wuta, sai dai allon lantarkinta ba ya son wasan wuta, kuma yana da tsada. Ƙadangare, tsaka da tururuwa su ma suna shiga su ƙona shi, a toshe ramin da waya ke bi.

Na biyu ƙura. A wurin da take da yawa, a wanke ragar ɓangaren ɗaki duk mako biyu, da ruwa kawai, ta bushe a inuwa. Na waje a kashe wuta a wanke shi da ruwa marar ƙarfi duk wata uku, domin in ƙura ta toshe siraran faranta, zafi ba ya fita. A bar masa kamar santimita 30 daga bango, kada kuma a kulle shi cikin kejin da iska ba ta ratsawa. Mazauna gaɓar teku matsalarsu gishirin iska ne, yana cin alminiyon, sai su nemi mai rufin kariya su riƙa ɗauraye shi. Sannan kafin ka sayi wani samfuri, tambayi masu gyaran yankinku ko ana samun kayansa, don jiran allo daga nesa kan kai makonni.

Tambaya: Ruwa yana ɗiga a bangon ɗakina, wani lokaci har da ƙanƙara a jikin esin.

Amsa: Ɗigar ruwa yawanci toshewar bututun magudana ne, ko an kafa na'urar ba ta ɗan karkata wajen mafita ba. A busa bututun a wanke tiren, aikin rabin awa ne. Ƙanƙara kuwa, kashe esin har ta narke, wanke raga, ka kunna ta minti 15. Sa ma'aunin zafi a inda iska ke shiga da inda take fita. Bambancin digiri 8 zuwa 12 lafiya ne. In ya gaza haka kuma ƙanƙarar ta dawo kan siririn bututun waje, koma ka karanta amsar farko.