Amsa kan ruwan wankin garken alade

Ɗan'uwa na Zuru da ka tambaya ko za ka iya ban-ruwa da ruwan garken aladunka, eh zai yiwu, amma don Allah kar ka sake shi kai tsaye cikin gona, yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, ga gishirinsa na ƙona shuka. Haƙa rami mai zurfi kashin ya kwanta a ƙasa tukuna, sannan ruwan saman ya gangara wani tafki mara zurfi rana ta dake shi kamar wata guda. Ka surka da ruwa mai kyau ka ba masara ko dawa, banda latas da tumatur da ake ci ɗanye. Ramin kuma ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, yara na sha.